Shin kiɗan rok na da ya fi na yanzu, ko kunnenmu ne ya tsufa?

Mai_Jita:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka daɗe suna sauraron kiɗan rok. Na lura cewa da zarar an ambaci sabuwar ƙungiyar makaɗa a gaban wanda ya tashi da Led Zeppelin, Pink Floyd ko Black Sabbath, sai ya yamutsa fuska ya ce rok ya daɗe da mutuwa. Wasu suna kafa iyakar a 1980, shekarar da Led Zeppelin ta watse bayan mutuwar makaɗin gangarta John Bonham, wasu kuma suna kai ta 1994, lokacin da Kurt Cobain, mawaƙin ƙungiyar Nirvana, ya mutu. Shin akwai abin da ya ragu a cikin kiɗan kansa, ko kuwa kunne ne yake manne wa abin da ya saba ji tun ƙuruciya?

Dattijon_Faifai:
Wa alaikumus salam, ɗana. Sabo yana da tasiri, amma ba shi kaɗai ba ne, domin yadda ake ɗaukar sauti ya sauya ƙwarai. A shekarun 1970 makaɗa sukan taru a ɗaki ɗaya su yi kiɗa tare a naɗa a kan tef, kuma idan mai ganga ya ɗan yi sauri a amshi ko ya ɗan ja baya a baiti, sauran sukan bi shi, wannan ɗan tangaɗin kuwa shi ne yake sa mai sauraro ya ji cewa mutane ne suke kiɗan. Yanzu kwamfuta tana iya jera kowane bugu a daidai gurbinsa, tun 1997 kuma akwai Auto-Tune mai gyara muryar da ta kauce. Ga kuma gasar ƙarfin sauti da ta yi ƙamari daga shekarun 1990, inda ake matse waƙa har tazarar da ke tsakanin sanyin kiɗa da amonsa ta kusan ɓacewa. Kundin da Metallica ta fitar a 2008 ya sha suka daga masoyanta a kan wannan matsalar, alhali ita tsohuwar ƙungiya ce. Saboda haka abin da nake kuka da shi aikin situdiyo ne, ba shekarun makaɗa ba.

Uwar_Amo:
Baba, bayaninka a kan sauti gaskiya ne, sai dai ina ganin akwai rashin adalci a yadda muke yin kwatancen tun daga tushe. Abin da ya iso gare mu daga shekarun 1960 da 1970 shi ne abin da zamani ya tace. Ƙungiyoyi masu ɗimbin yawa sun fitar da faifai a lokacin, an saurare su wata ɗaya ko biyu an manta da su, mu kuwa sai mu ɗauki ƴan ƙalilan da suka tsira mu gwada su da duk abin da ya fito a bana, mai kyau da maras kyau. Dole ne bana ta sha kaye. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma a nan mun tuna rabin bara ne kawai.

Kuma wannan ƙorafi ya girmi yawancinmu. Mujallar Rolling Stone ta kushe kundin farko na Led Zeppelin a 1969. Da Ramones da Sex Pistols suka ɓullo a tsakiyar shekarun 1970 da gajerun waƙoƙi masu kaushi, masoya dogayen kiɗe-kiɗe sun ce yaran ba su iya jita ba. Su kansu Led Zeppelin da ake kafa hujja da su a kan asali sun ɗebo da yawa daga mawaƙan salon blues na Amurka, har ɗaya daga cikinsu, Willie Dixon, ya kai su kotu a 1985.

Ɗan_Bana:
Yaya, ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake rufe wa sababbi ƙofa ta kowane ɓangare. Greta Van Fleet ta Amurka ta yi kiɗa irin na da, har ta samu kyautar Grammy a 2019, aka ce kwaikwayo take yi. Waɗanda suka cuɗanya rok da sautin lantarki kuma aka ce sun bar hanya. Wanda yake neman jita mai zafi da ƙwarewar yatsu ya saurari Mdou Moctar na Nijar, musamman kundinsa na 2021. Ya kamata kuma mu tambayi kanmu me muke kira sabo, tun da Arctic Monkeys, waɗanda wasu suke yi wa kallon yara, sun fitar da kundinsu na farko tun 2006.

Dattijon_Faifai:
Na amince da batun tacewa, amma ban janye maganata ba. Manhajar sauraron waƙoƙi ta Spotify ba ta lissafa waƙa a matsayin wadda aka saurara sai an ji ta na daƙiƙa 30, wannan kuwa yana matsa wa makaɗa su shigo da murya da wuri, su bar doguwar shimfiɗar da muka saba da ita. Ɗan_Bana, ka kawo mini sunayen ƙungiyoyin da har yanzu suke ɗaukar sauti tare a ɗaki ɗaya, zan saurare su.