vEOS-lab ya ƙi tashi a EVE-NG

Bakatsine: Assalamu alaikum. Ina son haɗa switch huɗu na Arista vEOS-lab (switch na manhaja, ba na ƙarfe ba) a EVE-NG, manhajar kwaikwayon network, don gwada MLAG, wato haɗa switch biyu su yi aiki kamar ɗaya. EVE-NG ɗin yana cikin VMware ne, a laftof mai Windows da RAM 16GB. Da na danna Start sai switch ɗin ya kunnu, can kuma ya mutu. Ina matsalar take?

Injiniya: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara duba VT-x, fasahar CPU da ke ba da damar gudanar da VM, wato kwamfuta cikin kwamfuta. Shiga EVE-NG ka buga `egrep -c '(vmx|svm)' /proc/cpuinfo`. In ya ba ka 0, KVM, ɓangaren Linux da ke gudanar da VM, ba ya aiki, kuma ba switch ɗin da zai zauna. Kashe VM ɗin, ka je saitin Processors na VMware ka kunna Virtualize Intel VT-x/EPT. In VMware ya ƙi karɓa, Hyper-V, manhajar VM ta Windows, ne ya riƙe VT-x ɗin. Buɗe CMD a matsayin admin, ka buga `bcdedit /set hypervisorlaunchtype off`, ka kashe Memory integrity, sannan ka sake kunna kwamfutar.

Bazazzagi: Ƙari a kan na Injiniya, duba sunayen fayilolin, domin EVE-NG ba ya sassauci a nan. Fayilolin su zauna a `/opt/unetlab/addons/qemu/`, cikin folda da sunanta ya fara da `veos-`. Fayil biyu ake buƙata: vmdk ɗin (faifan vEOS) da ka juya da `qemu-img convert` ya zama `hda.qcow2`, da Aboot (fayil ɗin da ke tayar da switch) da za ka sake wa suna `cdrom.iso`. Ɗauki Aboot mai kalmar serial a sunansa. Wanda ba shi da serial yana tura rubutu zuwa VGA ne, sai ka buɗe telnet ka tarar da baƙin allo alhali switch ɗin yana aiki. Daga nan:

`/opt/unetlab/wrappers/unl_wrapper -a fixpermissions`

Da yawa suna mantawa da wannan.

Bakatsine: Hyper-V ne, Malam. Yanzu ya tashi, amma sai saƙonnin ZTP (Zero Touch Provisioning, tsarin saita kai ta atomatik) yake ta zubowa, ya hana ni saita komai. Allah ya saka da alheri.

Injiniya: Amin. Neman DHCP yake yi don ya saita kansa. Shiga da admin, ba kalmar sirri, ka buga `zerotouch disable`. Zai sake tashi sau ɗaya. Ba kowane switch 2GB, huɗu 8GB ke nan, don haka ware wa EVE-NG 10GB ka bar wa Windows saura. Kunna su ɗaya bayan ɗaya. MLAG zai yi aiki, amma kada ka auna gudun layi da shi, CPU ne ke tura fakiti a nan, ba ASIC, guntun tura fakiti na switch na gaske, ba.