Waye a nan ya taɓa fassara asambili zuwa lambobin inji da biro da takarda?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan zangon muka fara firaktikal ɗin Intel 8085, wata firosesa wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, malam ya ce mu rubuta shiri da asambili, wato yaren gajerun sunayen umarni irin su MVI da ADD, sannan mu juya shi heks, wato lambobi masu amfani da 0 zuwa 9 da A zuwa F, da hannunmu kafin mu danna a allon gwaji. Gaskiya kaina ya ɗaure, ni a tunanina asambili shi ne yaren da firosesa ke ji, to me ya kawo kuma wasu 3E da 32? Don Allah waɗanda suka riga mu wucewa ta nan ku ba mu labarin yadda abin ya zauna muku.

Injiniyan Tudun Wada: Wa alaikumus salam ƙanena. Firosesa ba ta san wani MVI ba, ba ta san ADD ba, lamba kawai take ɗauka daga mimori ta aikata. Sunayen nan mu aka yi wa saboda mu iya riƙewa. Shirin da na fara yi har yau yana kaina, na sa 05 a rijistar A da 03 a rijistar B (rijista ƙaramar ma'ajiya ce a cikin firosesa), a haɗa su, a ajiye amsar a adireshi 2050 sannan a tsaya: MVI A,05 shi ne 3E 05, MVI B,03 shi ne 06 03, ADD B shi ne 80, STA 2050 shi ne 32 50 20, sai HLT 76. Bayit tara ke nan, kowace lamba mai harafi biyu bayit ɗaya ce, daga adireshi 2000 zuwa 2008. Na danna su ɗaya bayan ɗaya, na kunna, na leƙa 2050 sai ga 08 jajur a ɗan gilashin nan. Wallahi na jima ina kallonsa, don a ranar na gane ba wani ɓoyayyen abu tsakanin abin da na rubuta a takarda da abin da injin ya yi, layi ɗaya na asambili umarni ɗaya ne na inji, shi ke nan.

Yar Katsina: Ni kuwa a daidai wannan 32 50 20 ɗin na sha wuya. Na ga STA 2050 sai na danna 32 20 50 yadda ido ya gani, amsa ta ƙi fitowa, na sake, na sake, muka kusa awa ɗaya ni da ƙawata muna duba teburin opkod, wato jerin lambar kowane umarni, muna cewa ko allon ne ya lalace. Sai mai kula da lab ɗin, wani dattijo mai haƙuri, ya zo ya duba takardata ya ce 'yata kin aika amsarki 5020 ne, 8085 ƙaramin ɓarin adireshi take fara karantawa sannan babban. Ɗan Fagge ka rubuta wannan a bangon littafinka, duk umarni mai adireshi haka yake, JMP 2000 ma C3 00 20 ne.

Ɗan Fagge: Ikon Allah, Anti wannan kuskuren jiya na yi shi.

Mai Soldarin: Bari in ƙara wani abu da ba kowane malami ke tsayawa a kai ba. Lambobin nan ba haka kawai aka zuba su ba, da tsari a ciki. Ka ɗauki MOV, mai kwafe abin da ke wata rijista zuwa wata, in ka warware shi zuwa sifili da ɗaya za ka ga yana farawa da 01, sai lambobi uku na rijistar da za a kai wa, sai uku na wadda za a ɗauko. Rijistar A ita ce 111, B 000, C 001. To MOV A,B ya zama 01 111 000, ka haɗa su 78. MOV A,C 79. Tun da na gano haka na daina leƙa tebur a kan MOV gaba ɗaya. Abin da ya fi burge ni ma, gurbin da ya kamata MOV M,M ya zauna, wato kwafe gurbin mimori zuwa kansa, tunda ba shi da amfani, shi aka bai wa HLT, shi ya sa 76 ya faɗo a tsakiyar dangin MOV.

Injiniyan Tudun Wada: Haka yake Malam.

Auta: Nawa labarin na lebul ne, wato sunan da ake sa wa layi a madadin adireshinsa. An ce mu yi madaukin jinkiri, MVI C,FF a adireshi 2000, DCR C mai rage ɗaya daga C a 2002, sai JNZ ya koma 2002 muddin C ba ta kai sifili ba, wato 0E FF 0D C2 02 20. Ya yi aiki lafiya lau. Sai na tuna ina son A ta fara da sifili, na cusa 3E 00 a sama, komai ya matsa ƙasa da bayit biyu amma na bar C2 02 20 yadda yake. Ashe yanzu 2002 ɗin MVI C,FF ne, duk zagaye sai C ta koma FF, shirin ya yi ta juyawa bai taɓa fita ba, gilashin ya tsaya cak. Ina cikin gyarawa aka ɗauke wuta, duk abin da na danna ya tafi tunda a RAM yake, raina ya ɓaci sosai ranar don saura minti kaɗan a rufe lab. Amma daga nan na san darajar asambula, wato manhajar da ke fassara asambili zuwa lambobin inji. In ka sa suna a layin, ita ce za ta ƙirga adireshin, ka ƙara layi goma ma za ta sake lissafi, shi ya sa yawancinsu ke bin shirin sau biyu, na farko su tattara sunaye da adireshinsu, na biyu su fitar da lambobin.

Baba Tiransisto: Yara kun tuna min da baya. Mu da Z80 muka fara, ta kamfanin Zilog, ita da 8085 duk a 1976 suka fito kuma duk suna gudanar da shirin 8080. Abin da kuke cewa MVI A,05 mu LD A,5 muke rubutawa, amma in an fassara 3E 05 ne dai, suna biyu lamba ɗaya. Da na koma kan 6502, wadda ke cikin Apple II, sai na tarar loda 5 a A ya zama A9 05. Kun ga kowane dangin firosesa da nasa teburin, lambar wannan in ka kai wa waccan wani abu daban za ta yi. Kuma ku kula, firosesa ba ta bambance umarni da bayani, in tsalle ya sauka a kan 05 ɗin da ke bayan 3E, 8085 za ta ɗauke shi DCR B ta rage B, ba za ta yi maka ƙorafi ba.

Yar Katsina: Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni yanzu ɗan allon nan Arduino nake taɓawa, da na buɗe fayil ɗin heks da ake lodawa cikin ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon, na ga layukan lambobi masu farawa da ɗigo biyu, ban ji tsoronsu ba ko kaɗan, na san irin abin da na danna da yatsa ne a lab.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na zana layi uku a takarda, adireshi, lamba, asambili, na gwada MOV B,A da hanyar Mai Soldarin na samu 01 000 111, wato 47, na duba tebur kuma haka ne. Ranar Talata muke da lab, madaukin Auta zan fara dannawa.