Muna son kafa zaɓaɓɓiyar majalisar matasan Hausawa a Legas, ta ina za a fara?

Ɗan Zangon Agege:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tsara ƙungiya da zaɓe. Matasanmu na Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago suna ta maganar kafa majalisar matasa wadda za a zaɓi wakilanta da ƙuri'a, ba naɗi ba. Ƙungiyoyi kam akwai su barkatai, amma da yawansu mutum ɗaya ne ya buga takarda mai tambari ya kira kansa shugaba, kuma ba a jin ɗuriyarsu sai zaɓe ya matso. Abin da ake so shi ne wakilan da za su je Alausa, mazaunin gwamnatin jihar Legas, su ce ga adadin waɗanda suka turo mu. To wa zai yi zaɓen, yaya za a raba kujeru, kuma me zai bambanta ta da Majalisar Matasan Najeriya da ke akwai? Sannan da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ake farawa ko da zaɓe?

Malam Na Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Tambayarka ta uku ta fi sauƙi, bari in fara da ita. Majalisar Matasan Najeriya ta gwamnatin tarayya ce, an ƙaddamar da ita a 2008 zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, tana ƙarƙashin ma'aikatar matasa. Kujerunta 109, daidai da na majalisar dattawa, wato Legas gaba ɗayanta kujera uku gare ta. Kakakinta na farko Onofiok Luke ne, wanda daga baya ya zama kakakin majalisar dokokin Akwa Ibom. Wuri ne mai kyau na koyon aikin majalisa, amma ba a kafa akwati a unguwa a ce matasa su fito su zaɓi wakilinsu, kuma abin da ta zartar shawara ce, ba doka ba. Taku ma shawara za ta riƙa bayarwa. Abin da zai sa a saurare ku shi ne rajistar masu zaɓe, don haka a kanta za ku kashe mafi yawan lokacinku.

Ku fara yanke shekaru. Manufar matasa ta ƙasa ta 2019 ta ce 15 zuwa 29, ta 2009 kuwa 18 zuwa 35 ta ce. A ganina ku ɗauki 18 zuwa 35 ga mai zaɓe. Idan wa'adi shekara biyu ne, ɗan takara kada ya wuce 33 ranar zaɓe, don kada wani ya tsallake iyaka yana kan kujera a fara rigimar sauka.

Sai zama. Kun san 'yan ci-rani suna shigowa bayan girbi, su koma gida da saukar damina. Idan kuka ce duk wanda yake gari ya yi zaɓe, ɗan takara zai iya kwaso mutanen da suka sauka daga tirela makon jiya. Idan kuka ce sai mai shekara biyu, kun fitar da waɗanda suka fi kowa shan wahala. Wata shida ya yi daidai.

A rajistar ku rubuta suna, shekarar haihuwa, lambar waya, unguwa, sana'a, da lambobi huɗu na ƙarshen NIN. Kada ku karɓi cikakkiyar lambar, kada ku tara kwafin katin mutane. Na farko za su tsorata su guje ku, na biyu akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, kuma in kwalin takardun ya ɓace ku za a tuhuma. Inda aka fi samun maguɗi shi ne mutum ya yi rajista a Mile 12 inda yake aiki, ya sake yi a Agege inda yake kwana. Ku tsayar da ƙa'ida ɗaya, wurin kwana, sannan a zuba duka sunayen a kwamfuta ɗaya a jera su bisa lambar waya, masu maimaici za su fito kusa da juna. Ba kowane maimaici ne maguɗi ba, domin yara uku a shago ɗaya suna iya amfani da wayar maigidansu, shi ne amfanin lambobi huɗun nan. A liƙa rajistar kwana 14 a bakin masallacin Juma'a da fadar Sarkin Hausawa da ofishin kasuwa, a saurari ƙorafi, a rufe ta kwana 30 kafin zaɓe. Bayan rufewa ko ɗan sarki ne ba a ƙara shi.

Yaya Ta Obalende:

Malam ya yi bayani mai kyau, Allah ya saka, amma ban yarda a ɗaure komai da NIN ba. Akwai yaran da ba su da shi, kuma ko masu shi, da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu ne da shekarar da aka ƙiyasta. Wanda ba shi da takarda ya kawo shaidu biyu da suka riga suka yi rajista a unguwarsa, amma kowane shaida kada ya tsaya wa fiye da mutum uku. In ba a sa wannan iyaka ba, mutum biyu za su shaidi mutum ɗari.

Kan kujeru, ƙanena, idan kuka raba su ta unguwa kaɗai, 'ya'yan manyan 'yan kasuwa ne za su cinye duka, don su ke da kuɗin fasta da yaran shago. Ku yi 31, lamba mara, saboda kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. Kujera 20 na unguwanni, a raba bisa yawan rajista amma kowace unguwa ta sami aƙalla biyu. Kujera 5 na sana'a: 'yan okada da keke, mahauta irin na Oko-Oba, 'yan dako da masu lodi, 'yan jari-bola, da ɗalibai. Sauran 6 na mata. Kuma kada ku ce mata su fito layi ɗaya da maza a tsakiyar kasuwa, ba za su zo ba, sai ku ce ba su da sha'awa. A ba su teburinsu a makarantar Islamiyya, mata su yi aikin zaɓen.

Lokaci: tsakanin Janairu da Maris, sa'ad da 'yan ci-rani suke gari, amma a duba kalanda kada ya faɗa cikin azumi ko makon Sallah da mutane ke tafiya gida. Lahadi ta fi, don ranar hanya ta fi sauƙi. Kada ku yi tunanin tara kowa a wuri ɗaya. Daga Alaba Rago zuwa Agege tafiya ce mai cin kuɗi da lokaci, kuma duk ɗan takarar da ya yi hayar mota shi ya sayi ƙuri'ar waɗanda ya ɗauko. Kowace unguwa da akwatinta, duka rana ɗaya, lokaci ɗaya, daga tara na safe zuwa huɗu na yamma.

Za a ba ku shawarar ƙato bayan ƙato, a ce ya fi arha kuma ba a maguɗi. Kada ku karɓa. Yaron shago ba zai tsaya bayan wanda maigidansa ba ya so ba, maigidan na kallonsa. A yi ƙuri'ar sirri. A takardar a sa hoton ɗan takara da wata alama, domin akwai masu karanta ajami kaɗai da waɗanda ba sa karatu. A buga daidai yawan rajista da ƙarin biyar cikin ɗari saboda waɗanda za su lalace, kowace da lamba a gindin da zai rage a littafin. Akwati kuwa bokitin roba mai garai-garai ya isa, a nuna wa kowa babu komai a ciki kafin a rufe. Teburi ɗaya yana iya sallamar mutum kusan 40 a awa, don haka in rajistar wuri ta wuce 300 a ƙara teburi. A ƙirga nan take a gaban wakilan 'yan takara, su sa hannu, a liƙa kwafi a bango, a ɗauki hotonsa. Akwatin da aka ɗauka zuwa wani wuri don ƙirga, ko ba a taɓa shi ba, babu wanda zai yarda da sakamakonsa.

Kwamitin zaɓe mutum bakwai, kuma a rubuta cewa babu ɗayansu da zai riƙe muƙami a wannan zangon. Sarakunanmu da limamai a girmama su, a kai musu gaisuwa tun kafin a fara, su zama iyayen majalisa, su sa albarka, amma ba su da ƙuri'a kuma ba sa tsayar da ɗan takara.

Magatakarda Mai Ritaya:

Zaɓe tukuna, CAC daga baya. Dalili shi ne rajistar irin wannan ƙungiya ana yin ta ne da sunan amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar aƙalla amintattu biyu, da kundin tsarin ƙungiya, da bayanin taron da aka zaɓe su, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Idan mutum uku suka riga suka yi wannan da kuɗinsu kafin zaɓe, gobe in aka kayar da su sai su riƙe satifiket su ce ƙungiyar tasu ce, kuma banki su zai saurara. Ku bar zaɓaɓɓun wakilai su zaɓi amintattun, kundin kuma ya faɗi yadda ake cire su. Ku guji saka kalmomin da ke nufin tarayya ko jiha ko gwamnati a cikin sunan, don sai da izini na musamman ake amincewa da su. Asusun banki masu sa hannu uku, biyu su isa a fitar da kuɗi, kuma ku shirya banki zai nemi takardar SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Kuɗin fom ɗin takara ya zama wanda ɗan dako zai iya biya daga aljihunsa. Da zarar ya yi tsada, uban gida ne zai biya, shi kuma wakilin zai yi wa aiki.

Yanzu aikin kansa. Majalisun matasa suna mutuwa ne a kan jerin buƙatu ashirin da ba wanda zai iya bin ko ɗaya. A Birtaniya majalisar matasansu tana sa matasan ƙasar su kaɗa ƙuri'a kan batutuwan da za ta sa gaba. Ku yi haka: ranar zaɓe a ba kowa takarda ta biyu mai batu biyar, wanda ya fi ƙuri'a shi ne aikin shekara. Ku dubi dokar rage shekarun takara da Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018. Buƙata ɗaya ce, a rubuce, da lambobi: shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Wanda ya gabatar da ita a majalisar wakilai, Tony Nwulu, daga nan Oshodi-Isolo aka zaɓe shi.

Ƙofofin da za ku buga kuma sanannu ne. Majalisar dokokin Legas tana da 'yan majalisa 40, ana shigar da takardar koke ta hannun ɗan majalisar mazaɓarku, kuma suna yin taron masu ruwa da tsaki a mazaɓu. Ma'aikatar tsare-tsare da kasafi tana taron jin ra'ayi a shiyyoyi biyar, Ikeja, Badagry, Ikorodu, Legas da Epe, kafin gwamna ya kai kasafi majalisa. Wanda ya kawo buƙatar gini bayan an zartar da kasafi sai ya jira baɗi. Ƙananan abubuwa kamar kwata da fitilar titi da rumfar kasuwa na ƙaramar hukuma ne, akwai 20 da kuma yankunan raya ƙasa 37, don haka ku san ainihin wadda kuke ciki. Kowace wasiƙa kwafi biyu, a buga muku tambarin karɓa da kwanan wata a ɗaya ku riƙe. Cikin masu kai ta a sa haifaffun Agege ko Idi-Araba da suke jin Yarbanci, yana buɗe ƙofa sosai.

Ɗan Zangon Agege:

Na gode ƙwarai, iyayena da yayata. Na san in aka kaɗa ƙuri'ar batu, janye haramcin okada ne zai ci. A bar shi a jerin?

Magatakarda Mai Ritaya:

A bar batun, amma a gyara yadda aka rubuta shi. Haramcin yana da doka a bayansa, ta sufuri ta 2018. Daga 1 ga Yuni 2022 aka hana gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a 1 ga Satumba aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Sabuwar majalisa ba za ta juya wannan a shekara ɗaya ba, kuma in ta yi alkawari ta kasa, ba mai fitowa zaɓe na biyu. Abin da za a iya ci shi ne na kusa da shi: a fassara wa 'yan okada jerin hanyoyin da aka hana da Hausa, a riƙa rubuta kowane kame da rana da wuri da ofishin da aka kai mutum, a haɗa iyalinsa da ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi kyauta, wato OPD. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Littafin kame na wata shida, mai sunaye da ranaku, hujja ce da za a iya ajiyewa gaban DPO ko kwamitin majalisa.

Sannan a teburin rajistarku ku ƙara tambaya biyu: kana da katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna Legas, kuma katin zaɓenka na ina ne? Ana neman LASRRA wajen samun rancen asusun samar da aiki na jiha, LSETF. Katin zaɓe kuwa, in na Sakkwato ne ko Jigawa, kansilan unguwarku ba ya lissafa mai shi, domin da rajistar INEC ake zaɓen ƙananan hukumomi. Duk lokacin da INEC ta buɗe rajista ana iya neman sauya wurin zaɓe zuwa inda mutum yake zaune, don haka ku ware mutum biyu a kowace unguwa masu waya mai intanet da za su zauna su taya mutane cike buƙatar.