Kukis ɗina masu siffar zuciya suna bajewa, aisin kuma yana gangarewa, a taimaka

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Don Allah masu hannu a harkar gashin kek da kukis a ba ni shawara. Kukis nake son yi masu siffar zuciya, irin waɗanda ake lulluɓe samansu da jan royal aisin, wato haɗin suga mai bushewa ya yi tauri, a yi musu ado da fari. In na yanka su tsaf suke, amma da sun fito daga obin sai in ga tsinin ƙasan ya dakushe, ɗan kwarmin saman ya cike, ba ka ce zuciya ce ba. Aisin ɗin kuma gangarowa gefe yake, jan ya riƙa shiga cikin farin. Ga abin da nake sawa: bota giram 225, suga giram 200, ƙwai ɗaya, fulawa giram 375, bekin hoda cokalin shayi biyu, sai filebo. Ina gizo ke saƙar?

Wata Anti mai sana'ar gashi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ma'auninki bai da laifi, in ban da bekin hodar nan. Cokali biyu na kek ne. Aikinta kumbura abu, ke kuwa so kike ya zauna yadda kika yanka shi. Ki mayar da ita rabin cokali, ni wani lokacin ma ba na sawa sam.

Amma babban abin shi ne sanyi. Bota in ta yi laushi sosai kafin ta shiga wuta, narkewa take ta malale tun fulawar ba ta kama jikinta ba. Kada ki buga bota da suga har su yi fari fat, minti ɗaya zuwa biyu ya isa, don iskar da kike cusawa ita ke buɗe su a obin. Ki murza kwaɓin tsakanin takardar gashi biyu, kaurinsa kamar milimita 6, ki sa a firij awa guda. Ki fito da shi ki yanka, ki jera a tire, ki sake mayarwa firij na minti 15. Sannan obin, digiri 175, minti 9 zuwa 12. Da kin ga ƙyallin saman ya ɗauke ki sauke, kada ki jira su yi ja. Kuma kada ki jera sababbi a tiren da ya fito daga wuta yanzu, sai ya huce.

Wata 'yar'uwa:
Ƙari a kan na Anti: in za ki yanka, ki sa ɗaya kai sama, na gefensa kai ƙasa, ragowar kwaɓi ba za ta yi yawa ba. Yawan sake murza ragowa da barbaɗa fulawa shi ke sa su tauri.

Wata mai kwalliyar kek:
Ni bari in taɓa aisin, don na san inda aka samu matsala: kauri ɗaya kike yi, kuma ya yi ruwa. Kauri biyu ake yi daga kwano ɗaya.

Ki tankaɗe aisin suga giram 450, ki sa hodar merang (garin busasshen farin ƙwai) babban cokali uku, ruwa babban cokali biyar, ki buga a hankali har ya tsaya in kin ɗaga cokali. Kwanon da abin bugun su zama ba ɗigon maiƙo, ki goge su da lemun tsami tukuna, don maiƙo kashe shi yake. Ki ɗebi kaɗan ki sassauta ya yi kamar man goge baki, wannan na zana iyaka ne. Sauran ki riƙa ɗiga masa ruwa, ɗigo fa na ce, ba cokali ba, kina gwadawa: ki ja wuƙa a tsakiya ki fara ƙirga. In layin ya ɓace a ƙirga 10 zuwa 15, ya yi. In tun a biyar ya haɗe, shi ne wanda ke gangaro miki, sai ki ƙara suga.

Wajen zanawa ki bar ɗan fili daga baki, kada ki bi gefen daf. Ki fara daga kwarmin sama ki sauko gefe ɗaya zuwa tsini, ki ɗaga hannu, ki koma sama ki sauko ɗaya gefen. In kika zagaye a ja ɗaya tsinin zai lanƙwashe. Bakin ledar da kika zuba aisin a ciki ya ɗan yi sama da kukis ɗin, zaren aisin ya riƙa sauka da kansa kina jagorantarsa. Bayan 'yan mintoci ki cika ciki da mai ruwan, ki baza da tsinken sakace, ki fasa ƙananan kumfa. Wanda ke kwano ki rufe shi da tsumma mai danshi, nan da nan yake yin ɓawo.

Wata mamba:
Mai kwalliyar kek ki yi haƙuri, ni dai ban ga dole sai kauri biyu ba. Ɗaya nake yi na ƙirga 20, da shi nake zanawa in cika nan take, kuma layin iyakar ma ba ya fitowa. Hodar merang ma ba na sawa, farin ƙwai nake amfani da shi.

Mai kwalliyar kek:
Gaskiyarki, yana yi, amma ga wadda hannunta ya faɗa. Mai koyo gara ta sami katangar da za ta tare mata. Farin ƙwai kuma ɗanye ne, ba a dafa aisin. In yara ƙanana ko mai juna biyu za su ci, hodar ta fi kwanciyar hankali.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, na fahimta. To jan da ke ɓata farin fa?

Anti mai sana'ar gashi:
Ja rigimamme ne. Da farko ki bar kalar ruwa, ki nemi ta jel, don ta ruwa tsinka aisin take. Sannan kada ki yi ta zubawa sai ya yi jajir a kwano, yawanta ne ke tsiyaya cikin fari, ga ɗaci a baki. Ki haɗa tun daren jiya, ki tsaya yana ɗan haske, ki rufe ruf. Kafin safiya ya ƙara nuna da kansa.

In rubutu ko layin fari za ki ɗora a sama, sai jan ya bushe, awa 6 zuwa 8, kwana ma ya fi. Ki kunna masa fanka a awar farko, yana saurin kamawa ya kuma yi ƙyalli. Lokacin da iska ke da danshi ki ƙara masa lokaci. Akwai kuma wani ado mai sauƙi da ba ya buƙatar jira: kina gama cika ja, ki ɗiga fari mai kauri iri ɗaya ɗigo ɗigo, ki ja tsinke ta tsakiyar kowane ɗigo daga sama zuwa ƙasa. Kowanne zai zama 'yar ƙaramar zuciya.

Mai tambaya:
Ma sha Allah, wannan zan fara gwadawa. In na gama in sa su a firij su yi saurin bushewa?

Anti mai sana'ar gashi:
A'a, kada ki soma! Suna fitowa za su yi gumi, aisin ya jiƙe, kala ta zuba. Ki bar su a tire a sarari. Ki ajiye guda ɗaya na gwaji ki danna da yatsa, in bai lotsa ba sun bushe. Sai ki jera a roba mai murfi da takarda tsakanin kowane jeri, za su yi miki mako guda lafiya lau.