Neman Shawara Kan Katangar Zauren Gidan Tarihinmu

Assalamu alaikum, jama'a. Ni ne mai kula da wani ƙaramin gidan tarihi a Tudun Wada, Kaduna, gidan ƙasa da kakanmu ya gina lokacin da yake aikin jirgin ƙasa. Mun adana fitilarsa ta aci-balbal, da hotunan tashar jirgi, da wasiƙun ajami, kuma duk ranar Asabar ɗalibai kan zo dattawan unguwa su ba su labarin yadda garin ya bunƙasa bayan da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917.

Matsalarmu ita ce katangar zaure. Shekara biyu da suka wuce wani magini ya shafe ta da siminti, yana cewa hakan zai kare ta daga ruwan sama, amma sai simintin ya riƙe danshi a ciki, har ya fara ɓamɓarewa yana tafiya da ƙasar ginin. Idan ka ɗora tafin hannu a gindinta da safe, sai ka ji sanyi kamar jikin randa, ga shi gara ta kama azara biyu. Dole muka dakatar da zaman Asabar, muka kwashe takardun zuwa ɗakin soro.

Shin a kankare simintin gaba ɗaya a koma yaɓen makuba kamar yadda magabata suke yi, ko kuwa kankarewar za ta kayar da katangar? Kuma a ina ake samun maginan gargajiya da suka iya wannan aiki, a Zariya ko Kano, kafin damina ta kankama?