Wace kalmar Ingilishi ce ta dace da zaman kakana?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Ina karatun Ingilishi a Jami'ar André Salifou, nan Damagaram. An ce mu rubuta labarin wani dattijo, na ɗauki kakana. Tun rasuwar kakata ya bar zama ƙofar gida da abokansa. Daga masallaci sai ɗaki, shi da buzunsa da casbi da butar alwala. Na rubuta "lonely", amma raina ya ƙi kwanciya da kalmar, don ban ga ƙunci a fuskarsa ba. Ku taimaka mini, ba na son in yi masa ƙarya ko da a takarda ce.

Malamar Zango: Wa alaikumus salam, ƙanena. Faransanci ne ke ruɗa mu, domin "solitude" ɗinsu ta haɗa kome. Ingilishi ya raba. "Alone" ƙidaya ce kawai, mutum shi kaɗai, asalinta ma "all one". "Lonely" kewa ce, kana son mutane ka rasa, kuma tana iya kama ka ko a tsakiyar Kasuwar Dole. "Solitude" kaɗaicin da mutum ya zaɓa ne, yana samun natsuwa cikinsa.

Tsohon tafinta: Kada ka kuskura ka sa "recluse", wannan mai gudun jama'a ne, wanda maƙwabta kan yi wata ba su gan shi ba. Mai salla biyar cikin jam'i bai kai nan ba. "Hermit" kuwa daga kalmar Girkanci take, mai nufin hamada, mutumin da ya bar gari don ibada. In halwa kake nufi, "seclusion" ta fi kusa.

Inna Ladi: Ɗana, ni ba ta kalma nake ba. Yana cinye tuwonsa? Yana tambayar jikoki? Mahaifina ma haka ya fara, muka ce zuhudu ne, ashe kewa ce ke cin sa. Wannan shi ake ce wa "withdrawn", mutum ya janye jiki daga abin da ya saba.

Ɗan Birni: Na gode, Inna. Jiya bayan isha'i na kai masa fura na zauna. Ya sha rabi, ya riƙe ni da hira har ƙarfe 11, duk labarin kakata ne da shekarar da suka je Makka. Da na miƙe ya ce gobe ma in zo. Ban rubuta kome ba tukuna.