Wanda Zuciyarsa ta Tsaya Aka Farfaɗo da Shi, Ya Leƙa Lahira?

Goggo: Salamu alaikum 'yan uwa. Maƙwabciyata wajen tiyatar haihuwa zuciyarta ta tsaya, aka yi ta danna mata ƙirji har ta dawo. Ta rantse min ta hango kanta kwance a gado daga can sama, ga wani haske mai sanyi, ga marigayiya mahaifiyarta tana ce mata ta koma wa jaririnta. Ni dai na yarda ta leƙa lahira.

Likita: Goggo, ba ƙarya ta yi ba, ta ga abin da ta gani. A Holan, likitan zuciya Pim van Lommel ya bi mutum 344 da aka farfaɗo da su, 62 suka ba da irin wannan labari, aka buga a mujallar Lancet a 2001. Sai dai ƙwaƙwalwar da jini ya yanke mata tana iya nuna wa mutum abubuwa.

Kawu: To ɗana, ai duk 344 ɗin jinin ya yanke musu. Me ya sa 62 kawai suka gani? Shi kansa mai binciken wannan ce hujjarsa.

Likita: Tambaya ce mai nauyi, Kawu. Amma a 2002 a Siwizalan, likitan ƙwaƙwalwa Olaf Blanke ya taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwar wata mai farfaɗiya da ɗan lantarki, tana farke, ta ce tana ganin kanta daga sama. Kuma wani likita, Sam Parnia, ya sa aka ɗora hotuna a kan kantoci a asibitoci, yadda sai wanda ke sama zai gan su. Da sakamakon ya fito a 2014, cikin waɗanda aka farfaɗo da su babu wanda ya faɗi hoto ko ɗaya.

Malam: Ku yi a hankali da kalmar lahira. A Suratul Muminun, wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi, aka ce a'a, akwai barzahu a gabansu har ranar tashi. Wanda ya dawo, ajalinsa bai yi ba. Amma Suratuz Zumar, aya ta 42, ta ce Allah yana karɓar rayuka a barci, ya saki waɗanda bai hukunta wa mutuwa ba. Don haka, Likita, kai ma kada ka tattara komai ka jingina wa ƙwaƙwalwa.

Auta: Allah gafarta Malam, a Indiya wasu manzannin Yama, abin bautar 'yan Hindu mai kula da mutuwa, suke gani, a ce an yi kuskuren suna, a koro su. Kowa abin da ya taso da shi yake gani kenan?

Malam: Shi ya sa ba a gina aƙida a kansa, Auta.

Goggo: Na ji ku duka. Amma matar nan shekara bakwai ba ta ga-maciji da ƙanwarta kan gadon gona. Ranar da aka sallame ta, zaren ɗinki na jikinta, sai da ta sa mai Keke Napep ya biya da ita ƙofar gidan ƙanwar kafin ta wuce nata.